Rabuwar Unguwanni a Birane da Aikin Hakimi a Kanta

An shirya wannan darasi domin hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman waɗanda ƙasarsu ke maƙwabtaka da babban gari, inda gonakin bara suka zama filayen gini bana. A ƙidayar 1952 mutanen Kano, birni da waje, wajen 130,000 ne. Yau, bisa kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, sun haura miliyan 4. Yawancin wannan ƙari a bayan ganuwa ya sauka, har ya malala cikin ƙasar Ungogo da Kumbotso. Watau ko mutanen garin gobe za su zauna a cuɗe ko a rarrabe, a gaban masu unguwanni da dagatai da hakimai ake yanke wannan magana, sau da yawa ba tare da kowa ya lura an yanke ta ba.

Zaman baƙi kafin zuwan Turawa

Ba sabon abu ba ne waɗanda suka fito wuri ɗaya su sauka wuri ɗaya. Sunayen unguwannin birnin Kano sun isa shaida. Akwai Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Alfindiki da Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, don a wancan zamani Larabawa ake ce wa Turawa. Falke in ya iso ya kan sauka gidan fatoma mai jin harshensa. Fatoman ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso.

Amma fa unguwar baƙi ba ta da ganuwa tata. Ganuwa ɗaya ce ta kewaye kowa, kasuwa ɗaya ce kowa ke ci, watau Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kuma gaban alƙalai ɗaya ake gurfana. Baƙon da ya daɗe sai ya nemi aure a gidan maƙwabci, 'ya'yansa su tashi da Hausa a bakinsu, jikokinsa su zama Kanawa ba mai tambayar asalinsu sai a wasan barkwanci. Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin, da Kambarin Barebari, ta wannan hanya suka narke, har suka zama manyan fataken goro tsakanin Kano da Gwanja.

Ba a ce zaman nan ba shi da aibi ba. Akwai bayi, kuma ba a daidaita su da 'ya'ya ba. Bayan jihadi manyan gidajen Fulani sun fi yawa a kudancin birni, kusa da fada, Haɓe kuwa a arewa wajen Dala, kuma Dakta Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya lura rafin Jakara ne ya raba sassan biyu. Har wa yau kusan duk baƙin nan Musulmi ne, addini ya sauƙaƙa narkewarsu. Abin da ake so a riƙe shi ne unguwar baƙi a wancan tsari masauki ce wadda ƙofarta ke buɗe zuwa cikin gari.

Dokar 1917 da yadi 440

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a bayansa, sai ga akawuna da masu awo da ma'aikatan reluwe daga Ikko da ƙasar Yarabawa, da Saliyo da Gwalkwas. Ibo sun ƙaru ƙwarai bayan da aka gama gadar Makurɗi a 1932, hanyar jirgi ta haɗe da gabas. Waɗannan sababbin baƙi yawancinsu Kirista ne masu karatun boko, kuma ba ta hannun fatoma suka shigo ba. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, tituna a miƙe, filaye a jere. Da fari har Hausawa da Nufawa ba kaɗan ba sun zauna cikinsa tare da su.

A 1917 Gwamna Lugga ya kafa Dokar Garuruwa. Ta kasa garuruwa aji 3. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya, Kano da Zariya da Kaduna suna cikin aji na biyu. Bisa tsarin nan aka keɓe wa Turawa unguwarsu, aka bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, tsakaninta da mazaunin baƙaƙe, ba a yarda a yi gini cikinsa ba. Hujjar da aka bayar ta lafiya ce. A 1897 wani likita, Ronald Ross, ya gano sauro ne ke ɗaukar zazzaɓi daga jikin wani zuwa na wani, sai aka zaci tazarar nan ta isa ta tare shi. An kuma ambaci gobara da ƙarar ganguna da dare. Sauro dai bai san awon safiyo ba, kuma kuku da boyi a bayan gidan Bature suke kwana. A garuruwa da yawa wannan fili ne aka mayar filin sukuwa da na wasannin Turawa.

To, sai Kano ta zama garuruwa da dama masu suna ɗaya. Birni yana hannun Sarki da alƙalansa, ba giya, ba makarantar mishan. Nassarawa da Bompai na Turawa ne. Sabon Gari yana hannun Joji, da kotunsa da majami'unsa da makarantunsa, ba a mayar da shi ƙarƙashin En'e ba sai a 1940. Fagge, tsohon zangon ayarin Azbinawa, ta cika da 'yan kasuwa. Tudun Wada aka tanada wa 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba. Mutanen Sham da Labanan, waɗanda ake kira Kwara, aka ba su wuri tsakanin tasha da birni.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka mugun nufi ne ya kawo wannan ba. Turawa sun yi alkawarin ba za su taɓa addini ba, sarakuna su ma ba su so a shigo musu da giya da masu wa'azin mishan cikin birni. Ko da haka sakamakon bai sake ba. Yara biyu da aka haifa shekara ɗaya, tsakanin gidajensu bai kai mil biyu ba, za su girma ba su taɓa zama aji ɗaya ba, ba su taɓa cin abinci a gidan juna ba, kowanne abin da ya sani game da ɗaya jita-jita ce. An tsara Sabon Gari a kan zaton baƙo raɓa ne, zai yi aikinsa ya koma. Baƙon kuwa ya zauna, ya haihu, ya binne iyayensa a nan. Iyakar unguwar ba ta faɗaɗa daidai da yawan mutanenta ba, sai gidan da aka yanka domin iyali ɗaya ya koma ɗakunan haya rututu, da salga ɗaya.

Ranar 16 ga Mayu 1953 tarzoma ta tashi, ta yi kwana 4. Tushenta siyasa ce. An yi saɓani a majalisar Ikko kan shawarar neman mulkin kai a 1956, an yi wa wakilan Arewa ihu, sa'an nan aka ji wakilan wata jam'iyyar kudu za su zo Kano taro. Amma fagen faɗan tsakanin Fagge da Sabon Gari yake, daidai kan iyakar da aka shata shekara 40 kafin nan. Rahoton gwamnati ya ƙidaya mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Abin da ya faru a 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, kuma an sake zubar da jini a Oktoba 1991. Rabuwar unguwanni ba ita ce ta haifi waɗannan rigingimu ba, amma ita ke nuna wa 'yan tarzoma inda za su dosa, ita ce kuma ke hana a sami dattijon da zai tsaya a bakin lungu ya ce wannan na san shi, maƙwabcina ne. Inda ake zaune a cuɗe, an sha samun waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunan matansu har ƙura ta lafa.

Hakimin da ke ganin wannan matsalar wasu ce, ya tuna da nasa mutanen da ke baƙunta. An keɓe wa Hausawa Sabo a Ibadan a 1916. Akwai zanguna a Kumasi da Ankara, kuma a ƙarshen 1969, da gwamnatin Ghana ta ba da odar korar baƙi marasa takardu, zangunan nan ne abin ya fi shafa, har da waɗanda a can aka haife su. A Yuli 1999 an kashe Hausawa a Shagamu, cikin 'yan kwanaki aka ɗauki fansa a Kano a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Kaduna, inda tsoro ya yi aikin doka

Kaduna ba ta da ganuwa. Turawa ne suka kafa ta, suka dawo da hedkwata cikinta daga Zungeru a 1917, saboda haka kusan kowa a cikinta zuwa ya yi. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta, dubban ma'aikata daga kowace kusurwa suka riƙa shiga ƙofa ɗaya da safe, suna ƙungiya ɗaya, suna haya a gida ɗaya. Ba wanda ya zauna ya shirya wannan cuɗanya, neman abinci ne ya kawo ta.

Rikicin Fabrairu da Mayu 2000 kan batun shari'a, da na Nuwamba 2002, sun wargaza wannan zama. Ba wata doka da ta ce kowa ya tashi. Mutane da kansu suka sayar da gidajensu da araha, ko suka yi musaya, Kirista suka tsallaka kudancin kogi wajen Sabon Tasha da Narayi da Romi, Musulmi suka tattaru a arewa wajen Tudun Wada da Rigasa da Kawo. A daidai wannan lokaci masaƙu ke durƙushewa. Ta farkon nan ta rufe a 2002, wasu suka bi ta, sai wurin da ya rage ana haɗuwa kullum shi ma ya tafi. Jos ta bi wannan sawu bayan rikicin Satumba 2001, da na 2008 da 2010. Babbar kasuwarta ta Taminus ta ƙone a Fabrairu 2002, shekara 20 ta cika ba a maido da ita ba, kowane sashe ya buɗe 'yan kasuwanninsa.

Bai kamata a zargi wanda ya tashi ba. Mutumin da aka ƙone masa gida sau biyu yana da hujja in ya koma cikin danginsa, kuma mazauna Sabon Garin Kano da yawa suna ganin taruwarsu wuri ɗaya ita ce garkuwarsu. Sai dai garin ne ke biyan kuɗin. A kan yi kasuwa biyu inda ɗaya ta isa, malamin makaranta ko ungozoma su ƙi karɓar canjin aiki zuwa tsallake, mai a-daidaita-sahu ya ce ba ya shiga unguwa kaza bayan magariba. Mafi nauyi duka, yaran da aka haifa bayan 2000 yanzu sun zama magidanta, kuma da yawansu ba su taɓa yin maƙwabci mai wani addini ba.

Mai kuɗi da talaka

Akwai wata rabuwa wadda ba ta tambayar ƙabila. Da Turawa suka tafi a 1960 manyan ma'aikata da attajirai suka gaji Nassarawa da sauran unguwannin bariki, da manyan filayensu da itatuwansu da titunansu masu kwalta. Tazarar yadi 440 ta tashi daga doka, ta koma katanga da maigadi. Abuja, wadda aka kafa da dokar 1976, gwamnati ta tare cikinta a Disamba 1991, an so ta zama garin kowa. Amma tsadar fili ta tura masinja da direba da mai shara zuwa Nyanya da Mararaba da Suleja, wasunsu ma a wata jiha suke kwana, kullum suna ɓata sa'o'i da rabon albashinsu a kan hanya. Talakan da ke unguwar da ba famfo, daga kurar ɗan garuwa yake sayen ruwa jarka jarka, sau da yawa da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida.

Abin da ruwa ke koyarwa

Tsarin gari mai ɗorewa shi ne wanda jikoki za su gada ba tare da sun rushe shi sun sake ba. Rafin Jakara ya isa misali a nan. Daga cikin birni yake tasowa, ya ratsa ta wajen Fagge da gefen Sabon Gari yana kwasar kwatar kowa, sa'an nan rafin Getsi ya haɗu da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zarce zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A gefensa ake noman rani, latas da kabeji da alayyafo, kuma kayan nan kasuwannin gari duka suke komawa, har teburin mai gidan Nassarawa. In amai da gudawa ya ɓulla a unguwar da ba masai, ba ya tsayawa bakin ƙofar kowa. Haka nan kududdufan da aka haƙa tun kaka da kakanni domin ƙasar gini su ne tulunan da ke shanye ruwan damina. Duk wanda aka cike da shara aka yi gini a kai, ruwansa sai ya nemi gidan wani, kuma galibi na ƙasa ne wanda bai ci ko kwabo cikin cinikin ba.

Ba rashin taswira ne ya kawo wannan ba. An yi wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta. Max Lock da abokan aikinsa sun yi wa Kaduna nata a 1967. Yaƙin basasa da rarraba jihohi da kwararowar jama'a suka sha gabansu, gini ya riga safiyo isa gona. A 2015 ƙasashen duniya sun amince da muradun ci gaba 17, na 11 a cikinsu a kan birane yake. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsuguni ta ba da shawara a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar sabuwar unguwa, kuma kashi 20 zuwa 50 na gidajenta su zama waɗanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga. Singafo, bayan tarzomar ƙabilanci ta 1964, ta kai ga ƙayyade rabon kowace ƙabila a gidajen gwamnati tun 1989. Wannan ya yiwu a can don wajen kashi 80 cikin 100 na mutanenta a irin gidajen nan suke zaune. A nan kuwa, inda kowa da guminsa yake gina nasa, ba a iya tilasta wa mutum maƙwabci. Abin da ake iyawa shi ne a tsara wuraren da dole a haɗu.

Abin da ke hannun hakimi da malaminsa

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, hakimi ba shi da ikon raba fili. Ƙasar birni tana hannun Gwamna amana, shi ke ba da takardar mallaka, kuma hukumar tsara birane ce ke amincewa da taswira. Duk da haka kowa ya sani da wuya a sayar da gona a gefen gari ba da shaidar mai unguwa ko dagaci ba. Nan ne awon igiya ke farawa. Mai gona da dillali su ja igiya, su yanka fuloti iyakar yawan da gonar za ta ɗauka, su bar lungun da mota ba ta shiga, ba magudana, ba filin makaranta, ba maƙabarta. Bayan shekara 10 gobara ta tashi, motar 'yan kwana-kwana ta tsaya a bakin titi tana kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Buɗe hanya a gona igiya da turaku kawai take ci, amma buɗe ta bayan an yi gini sai da rusau da diyya da ƙiyayyar shekaru.

Saboda haka hakimi ya umurci dagatansa kada a sa hannu a takardar cinikin gonar da za a yanka sai an kai maganar ga hukumar tsara birane, an fitar da hanya wadda ta haɗu da hanyar unguwar da ke kusa. Unguwa mai mashiga ɗaya ita ce ta fi saurin zama tsibiri. Ya kuma hana a taɓa kududdufi da hanyar ruwa da burtali, ko da wane ne ya zo da kuɗi. In aka nemi shawararsa kan inda za a sa kasuwa, ko asibitin sha-ka-tafi, ko makarantar firamare, ko rijiyar burtsatse, ya nuna kan iyakar unguwanni biyu, musamman in mazaunansu ba harshe ɗaya ko addini ɗaya ba ne. Kowane ɓangare zai so a kai abin tsakiyar nasa, kuma hakimi zai sha surutu. Ya daure, domin matan da ke bin layi ɗaya a wurin awon ciki sukan san sunayen 'ya'yan juna.

Sai maganar haya da sayarwa. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci a sashe na 42, ya kuma ba shi ikon mallakar gida ko fili ko'ina cikin Nijeriya a sashe na 43. Mai unguwar da ya hana a sayar wa wani fili saboda ƙabilarsa ko addininsa ya saɓa wa doka, kuma sunan hakiminsa yake ɓatawa. Shugabannin baƙi, irin su Sarkin Yarabawa da shugaban Ibo da limaman majami'u, ya kamata su saba da zauren hakimi tun ana zaman lafiya. Wanda ba a taɓa gaisawa da shi ba, ba ranar tarzoma za a fara neman lambar wayarsa ba.

Aikin malamin ofis ya fi kowanne sauƙin rainawa. Shi ne zai buɗe littafi ga kowace unguwa, ya rubuta gonakin da aka yanka da ranar yankawa, da faɗin hanyar da aka bari, da filayen da aka keɓe wa jama'a da sunayen shaidunsu, don kada a wayi gari filin makaranta ya zama shaguna a ce ba wanda ya tuna. Ya riƙa rubuta masu tarewa da masu tashi. In ya ga gida 3 ko 4 na mutanen ɓangare ɗaya sun kwashe kaya daga lungu ɗaya cikin wata guda, ko an sa gidajensu kasuwa da farashin da bai kai ba, kada ya jira rahoton ƙarshen wata. Ya sanar da hakimi a ranar, hakimi ya aika a kira mai unguwar da masu gidajen da ba su riga sun tashi ba, a ji abin da suka ji.